Wasiƙa Zuwa Ga Masu Zanen Garin Kafanchan

'Yan'uwana masu zane na Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi,

A shekarar 1668 wani mutumin Holan, Olfert Dapper, ya buga littafi kan Afirka a Amsterdam, a cikinsa akwai zanen birnin Benin. Ga Oba, sarkin Benin, bisa doki, makaɗa na kewaye da shi, ga damisoshi ana jan su, can baya kuma ga husumiyoyin fada masu tsini da tsuntsaye a samansu. Dapper bai taɓa taka Afirka ba. Labarin fatake ya tattara, wani ya zauna a Amsterdam ya siffanta. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, domin zubin tagulla na maƙeran Benin ya nuna irin husumiyoyin nan. Amma ku duba abin da aka sa a gaba: sarki mai ƙarfi da gari mai tsari, wato wurin da ɗan kasuwan Holan zai kai hajarsa hankali kwance. Shi aka yi wa zanen. Manomin da ke ciyar da birnin bai samu gurbi ba.

Na kawo wannan ne saboda abin da nake gani a bangon otal da kalandun ƙungiyoyi: ruwan Matsirga, dutsen Kagoro, tashar jirgi ba kowa a ciki. Suna da kyau, ban musa ba. Sai dai tun da layin dogo ya iso a 1927, ya rabu nan zuwa Jos da Kaduna, Kafanchan ta zama garin cuɗanya. Fantswam, Kaninkon, Bajju, Hausawa da Fulanin Jama'a, Ibo da Yarbawan da aikin reluwe ya kawo, duk sun sa hannu a gininta. Wanda ya zana garin da coci kaɗai, ko masallaci kaɗai, ya ba da shaida kan masu garin, ko ya yi niyya ko bai yi ba. A wurin da ya ga rikicin 1987 da na 2011, irin wannan shaida ba abin wasa ba ce.

Saboda haka ku sauko daga kan dutse. Ku zana mata masu shanyar citta, ɗan acaba, mai burkutu, mahauci, tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe da tsatsar kwanonsu. Idan mai ba da aiki ya ce a share wata unguwa don ta ɓata hoto, ku yi masa nasa, sannan ku ajiye na gaskiya a littafinku.

Kada kuma ku raina rubuta rana. Wani mai zane, Pieter Saenredam, ya zana tsohon ginin hukumar birnin Amsterdam a 1641, ya rubuta shekara a jiki. Gobara ta cinye ginin a 1652, daga wannan zane ya fitar da hoton fenti a 1657. Kasuwar Kafanchan ta ƙone a 2011. Wa ya zana rumfunanta kafin nan?

Roƙona shi ne, kowane zane ku rubuta a bayansa rana, sunan unguwa, inda kuka tsaya, da wanda ya sa ku aikin.