Sikanin Ba Na Masu Juna Biyu Kaɗai Ba Ne

Ɗan'uwa manomin rani a Kura, Kadawa ko Bunkure, idan ka ɗaga buhun shinkafa kafaɗa ta riƙe, aka yi hoton ƙashi aka ce lafiya lau, kar ka ɗauka shi ke nan. Hoton ƙashi dai ƙashi yake nunawa. Yagewar jijiya ko tsoka kuwa, sikanin ke kama ta.

Da sauti na'urar take aiki, kuma kana motsa hannu likita na kallon jijiyar a allo. Daga nan likitan gashi zai san ko atisaye ya wadatar, ko sai an tura ka Asibitin Ƙashi na Dala.

A ganina, asibitocinmu masu na'urar awon ciki su sayo kan da ake duba tsoka da shi, su horar da ma'aikaci. Akwai ma irin Philips Lumify da ake jonawa da waya.

Amma fa sikanin ba ya ganin cikin ƙashi, kuma sai a hannun gwani yake faɗin gaskiya. Kafin mai ɗori ya ja maka hannu, fara tambayar likita ko sikanin zai nuna matsalar.