Wanda ya gama kaso, a mayar masa da ƙuri'arsa

A 2020 Kotun Tsarin Mulkin Nijar ta hana Hama Amadou takarar shugaban ƙasa saboda ɗaurin shekara guda da aka yanke masa a 2017, duniya kuwa ta ji. Amma aya ta 8 ta dokar zaɓe, wadda ta tsame masu irin wannan hukunci daga jerin masu zaɓe, ba shi kaɗai ta shafa ba. Manomin Bana da ya gama wa'adinsa a gidan kason Gaya ya koma gona, yana biyan haraji, amma ba ya jefa ƙuri'a. Wa ya yi masa kuka? Alƙali ya ƙayyade ranar fitarsa. Ci gaba da ɗaure shi a waje zalunci ne. Wajibi ne dokar zaɓe ta gaba ta mayar masa da ƙuri'arsa ranar da aka sallame shi.