Ɗakin Binciken Duwatsu Ba Zauren Jiran Aikin Mai Ba Ne

Sanin kowa ne cewa yawancin ɗaliban da ke neman gurbi a sashen jiyoloji, wato ilimin sanin duwatsu da ma'adinai, hankalinsu yana kan albashin kamfanonin mai. Neman halaliya ba laifi ba ne. Amma duk wanda ya shiga ɗakin bincike na jami'a da wannan niyya kaɗai, ko yana neman digiri na biyu, ko kuwa ya gama na dakta ya dawo ƙarin gogewa, to ba zai daɗe ba zai ƙosa.

Dalili kuwa shi ne aikin na masu haƙuri ne. Ɗalibi zai kwana da kwanaki a daji da guduma da kamfas da taswira, yana farfasa duwatsu, yana sa wa kowane samfuri lamba tare da rubuta ainihin inda ya ɗauko shi. Idan ya dawo, sai a yanko ɗan ɓalli, a manna shi a kan gilashi, a yi ta gogawa har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita guda. A sannan ne haske zai ratsa shi, a gane ma'adinan da ke ciki ta madubin ƙara girman abubuwa. Samfurin da lambarsa ta ɓace ya zama hoge, komai wahalar da aka sha wajen ɗauko shi. Lallai a nan ne mai haƙuri yake dafa dutse.

To, me ya sa za a sha wannan wuya? Abin da ya faru a Jihar Zamfara cikin 2010 ya isa amsa. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, masu haƙar zinariya sun riƙa kai duwatsu cikin gidaje suna niƙawa, ba su san cewa akwai dalma mai yawa a cikinsu ba. Ƙurar ta bi tsakar gida da abinci, yara fiye da 400 suka rasu. Cikin 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gane dalma a jikin dutse aiki ne da ɗakin bincike ke iya yi cikin 'yan kwanaki. Abin da aka rasa shi ne masanin da zai auna tun da wuri, ya kuma yi wa mutane bayani da harshen da suke ji.

Saboda haka ya kamata mai niyyar shiga wannan fage ya fara da zaɓen matsala, kafin zaɓen jami'a. Matsalolin kuwa ga su nan jibge: tsofaffin ramukan kuza na Jos, da ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Tafkin Cadi, da yuraniyam na Arlit a Jamhuriyar Nijar. Bayan haka sai ya karanta abin da malaman sashen suka wallafa, a Zariya ne ko a Jos, ya nemi wanda aikinsa ya dace da nasa. Kada ya ji nauyin tambayar ko na'urori suna aiki, da wanda zai ɗauki nauyin fita daji, da yawan shekarun da ɗaliban baya suka yi kafin su gama.

Wasu za su ce kayan aiki sun yi ƙaranci, gara a tafi Turai. Gaskiya ne akan aika wasu samfurori waje domin auna shekarunsu. Sai dai na'ura ba ta gyara samfurin da aka ɗauko da ganganci, kuma wanda ya san ƙasar da mutanenta shi ya fi sanin inda ya kamata a duba.

Malaman sakandare su ma da nasu nauyin. Su ƙarfafa wa yara kimiyyar sinadarai da fiziks da lissafi, su kuma fita da su zuwa dutsen da ke bayan gari, kowa da littafinsa, ya rubuta abin da idonsa ya gani ba ƙari ba ragi. Daga wannan ɗabi'a ake samun masanin da za a amince da sakamakonsa ranar da rayukan jama'a suka rataya a kansa.