Adireshin Imel na Mambobi Amana Ne



Ƙungiyoyinmu na Dagona, Gashuwa da Nguru sun saba jera adireshin kowa a layin To idan za a aika sanarwar taro. A ganina lokaci ya yi da za a daina. Duk wanda saƙon ya isa gare shi yana ganin adireshin sauran, har na matan aure da ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Da wani ya tura shi gaba ya faɗa hannun 'yan damfara, sai a fara roƙon kuɗi da sunan ƙungiya. Ita ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Gyaran ba wuya. A Outlook na kwamfuta, buɗe sabon saƙo, danna Options, sannan Bcc. Zuba adireshin duka a nan, kana raba su da alamar (;), naka kuma ka sa a To.

Wasu za su ce ɓoye-ɓoye ne. To, a rubuta a sama: "Zuwa ga dukkan mambobi." Shawarar kwamiti kuwa a bar ta a Cc, kowa ya ga amsar kowa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.

Sakataren Ƙungiya