LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon Dajin Da Ke Ɓuya Cikin Hanyar Abinci

Wani mai karatu ya rubuto mana daga Maiduguri, ya ce yau wata biyar ke nan abinci na tsaya wa mahaifinsa a ƙirji. Da fari nama ne ya gagara, sa'an nan burabisko da tuwo, yanzu ba abin da ke wucewa sai kunu da shayi. An zura masa bututu mai fitila a wani asibiti, aka tsinko ɗan nama aka auna, aka ce ba a ga ciwon daji ba. Ga shi kuwa dattijo sai ramewa yake yi, dangi har sun fara cewa jifa ne.

To, Malam, ka mayar da shi wurin likita, kada ka jinkirta. Ga dalili.

Hanyar abinci, wato bututun da ya taso daga maƙogwaro ya sauka tumbi, tsawonta kamar santimita 25 ne. Bangonta kuwa hawa-hawa ne. Akwai fatar ciki mai laushi wadda loma ke gogawa, a bayanta kuma akwai tsokar da ke matsa lomar ta tura ta ƙasa. Galibin ciwon dajin wannan hanya daga fatar ciki yake tsirowa, ya zama gyambo, likita na leƙawa ya gan shi. Amma akwai wani iri, wanda bai kai ɗaya cikin ɗari ba, da ke tsirowa can cikin bangon. Shi wannan yakan kumbura ne a ƙarƙashin fata lafiyayya, kamar gara ta ci azara ta bar daɓe sumul. In an tsinki naman sama kawai, sai awo ya nuna lafiya lau, alhali ƙarin na nan a ƙasa yana toshe hanya.

Ba muna cewa abin da ke damun dattijon ke nan ba, don ba a duba marar lafiya ta wasiƙa. Hasali ma yawancin ƙarin da ke fitowa cikin tsokar nan ba na daji ba ne, akan cire shi a huta. Akwai kuma ciwon da ke ƙanƙance ƙofar tumbi. Sai dai ba a rarrabe su da ido. Sai an ba shi farin ruwan nan ya sha an ɗauki hoto, an sa shi cikin na'urar siti-sikan, in ta kama kuma a kai allura har cikin ƙarin a ɗebo namansa.

Sanin sunan ƙarin kuwa shi ne rabin magani. Na tsoka zalla, aiki ake yi a yanke shi tun bai bi jini ya kai hanta ko huhu ba. Akwai kuma wanda likitoci ke kira GIST. A 1998 masana a Japan suka gano lahanin da ke haddasa shi, a 2002 kuma aka amince da ƙwayar imatinib don maganinsa, ƙwayar da kan motsar da ƙarin har aiki ya yi sauƙi.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, can ya kamata ka nufa. Sai dai ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024 ta shiga har sashen ciwon daji ta taɓa na'urori, saboda haka ka tambayi likita tun ranar farko wane awo za a yi a nan, wane kuma sai an tura ku Kano ko Zariya. Ka riƙe takardar awon farko, ka faɗi watan da abin ya soma. Kafin nan a riƙa dama masa kunun gyaɗa da madara, kaɗan-kaɗan, yana zaune. Ran da ruwa ko yawu ya ƙi wucewa, ko da tsakar dare ne, a kai shi.