Kafin a Gina Mana Birnin Gilashi, a Leƙa Dandaji

Makon nan ma an sake karanta mana irin labarin nan a rediyo: tawaga ta je ƙasar waje, an sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna, za a gina mana sabon birni wanda kwamfuta za ta riƙa sarrafa fitilunsa da ruwansa da zirga-zirgar motocinsa. Hoton da ake yaɗawa a Facebook kuwa dogayen benaye ne na gilashi daga sama har ƙasa, babu inuwar da ko akuya za ta fake. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 da bazara, wuta kuma sai an yi sa'a.

Masu bin wannan shafi sun san ba yau na fara wannan ƙorafi ba. A 2014 aka ƙaddamar da Centenary City a gefen Abuja, aka ce zai ci sama da dala biliyan 18. An haura shekara goma, wanda ya ga birnin da aka nuna mana a hoto ya zo ya ba ni labari. Hatta masu kuɗin mai sun ɗanɗana. An fara gina Masdar a Abu Dhabi a 2008 da alkawarin ba zai fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya ba ko kaɗan, daga baya aka sassauta alkawarin. Abin da ya rage zafi a titunansa shi ne matsattsun lunguna masu inuwa da hasumiyar jawo iska, dabarar tsofaffin garuruwan Larabawa.

Ni ban ƙi haɗin gwiwa da ƙasashen waje ba. Irin wanda ake kawo mana ne bai kwanta mini ba, domin na san akwai wani iri, kuma ba nisa.

A Dandaji, cikin jihar Tawa ta Nijar, akwai tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da ya fara lalacewa, mutanen gari suka yi niyyar rushe shi su yi na siminti. Mariam Issoufou, masaniyar zanen gine-gine 'yar Nijar da ta yi karatu a Amurka, ta haɗa kai da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar asalin Iran, suka ce a dakata. Aka gyara tsohon ginin ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a gefensa. Tubalin na jar ƙasar yankin ne, wadda ake matsewa da inji. Maginan da suka yi tsohon masallacin aka kira suka shiga aikin, su suka san bakan gizo da yadda ake ɗaure rufi, su Mariam kuma suka zo da lissafin injiniya da dabarun ƙara wa ƙasa ƙarfi. An gama a 2018. Tun kafin a gama aikin ya ci lambar zinare ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya daga gidauniyar LafargeHolcim, wato masu sayar da siminti ne da kansu suka karrama ginin ƙasa. A Yama, duk cikin jihar Tawa, masallacin da magini Falke Barmu ya gina ya karɓi kyautar Aga Khan tun 1986. Diébédo Francis Kéré na Burkina Faso da tubalin ƙasa ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, da gudummawar abokansa na Jamus, ya ɗaga rufin kwano sama da silin domin iska ta ratsa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin. A Grenoble ta Faransa akwai cibiyar CRAterre da tun 1979 ba ta da aiki sai binciken ginin ƙasa.

Mu kuwa, jikokin Babban Gwani Mika'ilu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, mun mayar da soro alamar talauci. Mutum zai ci bashi ya yi bulo inci shida, ya rufa kwano, da bazara ya kwashe iyalinsa su kwana a tsakar gida. Buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon a duniya.

Za a ce gidajen ƙasa na rushewa da damina. Haka ne, in babu harsashin dutse, babu indararo, an kuma daina yaɓe.

Tunda an taɓo damina, bari in sake maimaita abin da wasu suka gaji da ji daga bakina. Birnin da ake yanka filaye a kan hanyar ruwa, ake cike kududdufai ana gina shaguna, ake sare darbejiya don faɗaɗa titi ba a dasa madadinta ba, babu na'urar da za ta cece shi. Mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Da a ce fasahar zamanin da ake ta kururutawa na'urar auna ruwa ce da saƙon gargaɗi a wayar kowane mai unguwa, da na fi kowa tafi. Amma wannan ba ya kawo kwangilar biliyoyi, ba ya kawo alawus ɗin tafiya Dubai. Mu daina yaudarar kanmu: yawancin waɗannan yarjejeniyoyi ciniki ne na fili, ana ƙwace gonakin talakawa a bayan gari da sunan birnin gobe, a biya su diyyar da ba ta sayen ko fuloti ɗaya.

Kirana ga gwamnoninmu da kwamishinoninsu na gidaje shi ne, duk baƙon da ya zo da zanen birni a tambaye shi ɗakin zai zaunu in babu wuta, daga ina kayan ginin za su fito, magina nawa na gida za a koya wa aiki. A gwada da ajujuwan firamare da ɗakunan shan magani, a haɗa sarakunan magina da malaman zanen gini na jami'o'inmu. Tawaga ta gaba kuma a tura ta Dandaji, mota ma tana kaiwa.