Sakan Biyar na Farko: Da Me Mai Tallan Wasan Bidiyo Zai Yi Sallama?



Mu da muka tashi da allo da tawada, ba mu taɓa zaton za mu ɗauki alƙalami a kan wasan bidiyo ba. Sai dai wayar da ke hannun 'ya'yanmu a Briqueterie ta tilasta mana. Kafin yaro ya sauke wasa, ya ƙarar da datar mahaifinsa, wani ɗan gajeren bidiyo ne ke fara jan hankalinsa, wato somin-taɓin wasan. A YouTube, yawancin irin wannan talla ana iya tsallake shi bayan sakan 5. A cikin wannan ɗan lokaci ake ƙulla ciniki ko a warware shi.

Ra'ayinmu shi ne mai talla ya buɗe da ainihin wasan, yadda yaro zai same shi idan ya riƙe shi a hannu, tare da mutum ɗaya da ke cikin wani hali. Tambarin kamfani ya jira ƙarshe. Baƙon da ya tsaya a ƙofar zaure yana jero sunayen kakanninsa kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, masu gida kan gaji da shi.

Misalin yana nan kusa da mu. A shekarar 2016 kamfanin Kiro'o Games na nan Yawunde, wanda Olivier Madiba ya kafa, ya fitar da wasan Aurion. Labarinsa na yarima Enzo Kori-Odan ne, wanda surukinsa ya ƙwace masa mulkin birnin Zama a ranar da aka haɗa bikin aurensa da na naɗinsa. Duk mai shirya talla da ya samu irin wannan labari ya riga ya samu mabuɗinsa: ango, amarya, da gadon sarautar da ya kuɓuce. Kowane yaro zai so ya ji yadda ta kaya. Daga nan sai a nuna masa yadda zai yi faɗan da yatsunsa.

Abin da muke ƙi shi ne a buɗe da abin da babu shi a cikin wasan. A 2020 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallan wasannin Homescapes da Gardenscapes, domin abin da ake nunawa ba shi ne mafi yawan abin da mai wasa zai tarar ba. Mu wannan ba sabon hukunci ba ne a wurinmu. Tun muna makarantar zaure muka karanta yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma kira hakan ha'inci. Farkon talla shi ne saman buhu.

Za a ce mana kaya ba ya sayuwa sai da ado. Gaskiya ne, kuma ba mu hana ado ba. A zaɓi wuri mafi kyau a cikin wasan, a sa masa sauti mai daɗi, matuƙar dai yana ciki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaron da aka yaudara sau ɗaya shi zai gargaɗi abokansa goma.

Muna kuma roƙon a sa alamar shekaru tun a farko, ƙarara. Tsarin PEGI na Turai ya kasa wasanni zuwa na 'yan shekara 3, 7, 12, 16 da 18. Uban da bai iya Faransanci ba ma ya iya karanta lamba.

Samarinmu da ke koyon wannan sana'a, ku fara tallanku da abin da ba za ku ji kunyar a buɗe shi gaban iyaye ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a neman kowa.